Tayoyin da Maigidana Ya Zaɓa

Motarmu bashe ce fara mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja, wadda a wajenmu ake ce wa kat-kat. Maigidana ya sayo ta daga Kwatano tun 'ya'yanmu suna ƙanana. A bayanta muka ɗauko abin da muka ci, da abin da muka aurar da 'yarmu, da abin da muka kai ɗanmu makaranta. Shi mutumin Djougou ne, daga gidajen nan da kakanninsu suka zo da ayarin goro suka zauna ba su koma ba. Ni kuwa a Zongon Parakou aka haife ni, a gidan mahauta. Har furfura ta fito mana bai daina kirana 'Yar Zongo ba, ni kuma ina ce masa Alhaji.

Sana'armu sayen amfanin gona ce a ƙauyukan da ke bayan Kolokondé da Partago. Shi yana sayen doya da masara da kashu a hannun maza, ni ina sayen ƙwarar kaɗanya da man kaɗe a hannun mata, mu kawo gari mu sayar wa masu manyan motoci. Da damina hanyoyin can sai wanda ya san su. Wani wuri jar ƙasa ce mai santsi kamar sabulu, wani wuri fadama ce da ke haɗiye mota har ciki, wani wuri kuma kututturan da manoma suka sare ne ke ɓoye a ciyawa.

Shekarar da ya faɗo daga kan lodi ya karye a hannu, sai ya zaunar da ni gaban sitiyari a bayan Partago, ya ce in ja. Na ja, na kashe motar, na sake ja, har na iya. Yayyensa mata sun yi ta magana a gari, wai ya mai da matarsa direba. Shi dariya kawai yake yi. Bayan ya warke ma ban daina tuƙi ba, sai dai idan hanya ta ɓaci shi ke karɓa. Ban taɓa tsallake fadama da hannuna ba, ban kuma taɓa canza taya ba. Aikinsa ne, ban ga dalilin koya ba.

Ciwon ya fara masa da kasala. Mutumin da ke ɗaga buhun masara shi kaɗai sai ga shi yana neman inuwa tun hantsi. Daga nan idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, cikinsa ya soma kumbura alhali sauran jikin yana ramewa. A Djougou aka ce mu tafi Parakou. A can, bayan gwaje-gwaje, wata likita mai sanyin murya ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Faransanci. Ta ce hantar ta riga ta lalace, abin da za su iya shi ne su riƙa zuƙe masa ruwan da ke taruwa a cikinsa, su ba shi maganin da zai rage zafi. Ban tambaye ta saura yaushe ba. Shi ma bai tambaya ba. Ya yi mata godiya, ya ɗauki hularsa, muka fito.

Tun daga lokacin hanyar Djougou zuwa Parakou ta zama gonarmu. Ni ke tuƙi, shi yana kishingiɗe a gefe da matashi a kan cikinsa. Mu sauka a Zongo gidan yayana, wanda ke harkar shanu a kasuwannin yankin Borgou, a zuƙe ruwan, ya huta, mu koma.

Cikin bazara, ana zafin nan da ke zuwa gab da saukar ruwa, tayarmu ta baya ta fashe kusa da Bétérou. Duka tayoyin sun riga sun suɗe, mun sani, hankalinmu ne ba ya wajen. Allah ya taimake ni na tsayar da motar lafiya. Alhaji ya yunƙura zai sauko kamar yadda ya saba, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Na kama shi na kai shi gindin wata bishiyar kashu, na dawo na tsaya gaban motar. Da ƙyar na sauko da tayar sukur, wadda ake ajiyewa don irin wannan rana. Ƙatuwa ce mai faɗi, a kan jant na alminiyo mai ƙyalli, wato ƙarfen da taya ke hawa kansa. Alhaji ya sayi jant ɗin nan ne wata shekara da kashu ya yi daraja, don yana son motarsa ta yi kyau. Na gangaro da ita, na kasa ɗaga ta ko da kamu ɗaya daga ƙasa. Na gwada har zanena ya kwance, gumi yana shiga mini ido. Daga baya wasu manoma biyu a kan babur suka tsaya suka canza mana.

Duk wannan yana zaune yana kallo. Da muka ci gaba da tafiya ya kau da kai wajen taga har muka shiga Parakou. Na ɗauka kunya ce ta kama shi, namiji yana zaune wasu na yi wa matarsa aiki. Sai na ƙyale shi.

Washegari bayan an sallame mu daga asibiti, muna cin tuwo a tsakar gidan yayana, Alhaji ya ce yana son a kai shi wajen masu taya. Yayana ya ce ai ya kamata, ya ce akwai tayoyin gudron, wato na kwalta, masu laushi, waɗanda ba ka jin ƙararsu, mota na tafiya kamar a kan katifa.

"Na laka nake so, Yaya," in ji Alhaji. "Masu manyan haƙora."

Yayana ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Na laka kuma? Alhaji, ina za ka da tayar laka? Hanyarka yanzu daga gida sai asibiti, kuma duk gudron ne. Tayar laka a kan gudron gurnani take yi, tana girgiza mutum har haƙora. Lafiyayye ma yana jin jiki, balle kai."

"Damina na zuwa."

"Damina ta zo mana. Kai dai ka ji da jikinka. In ta ni ce ma, a sayar da motar nan a sayi ƙarama."

Alhaji ya yi murmushi, ya ce ba a sayar da ita. Yayana ya dube ni don in sa baki. Na ce, "Alhaji, Yaya ya faɗi gaskiya. Ko ramin da bai kai ya kawo ba na faɗa, ina jin yadda kake riƙe numfashi."

"'Yar Zongo, ke dai ɗauko makulli."

Na tashi na shiga ɗaki, na tsaya bayan ƙofa ina share hawaye. A zatona bai yarda da abin da likita ta faɗa ba. Ina ganin yana shirin daminar da zai shiga ƙauye ya sayi doya kamar kullum, kuma ba ni da zuciyar da zan ce masa ba zai shiga ba. Matar yayana ta same ni a nan, ta ce, "Ki bi shi da abin da yake so. Ba ki san abin da ke ransa ba." Na wanke fuska na fito.

Mai tayan da muka je wurinsa a bakin hanyar fita gari yake, dattijo ne ɗan asalin Nijar da suka daɗe da sanin juna. Da ya ga Alhaji yana saukowa ina riƙe da shi, sai fara'arsa ta tsaya rabi. Amma ya daure, ya gaishe shi da wasa kamar yadda suka saba, ya jawo masa kujera mai majingina a inuwar rumfa. Ko'ina tayoyi ne jibge, sababbi a naɗe cikin leda, tsofaffin da aka kawo daga Turai a tsaitsaye kamar bango. Warin roba mai zafi ya cika wurin.

Aka jero masa iri uku a gabansa. Ta farko ta gudron ce, zanenta ƙanana, sumul. Ta biyu ita ce suke kira mikis, rabi gari rabi daji. Ta uku kuwa ta laka ce, haƙoranta manya da rata a tsakani, har gefenta ma akwai ƙuraje.

Mai taya ya dafa ta tsakiyar. "Alhaji, in shawarata za ka bi, ga taka. Tana shiga jar ƙasa, tana shiga yashi, a gudron kuma ba ta da hayaniya sosai. Ita mutanen ƙungiyoyin agaji ke sa wa motocinsu."

Zuciyata ta yi na'am da wannan. Na ce, "To ai shi ke nan, an raba gardama."

Alhaji ya sa aka matso masa da ita. Ya cusa yatsa cikin zanen, yatsan bai shiga sosai ba. Ya ce, "Wannan idan ta shiga fadamar da ke bayan Kolokondé, laka za ta cika ramukan nan, ta koma kamar ƙwallo. Tana juyawa, mota na tsaye." Ya jawo ta lakar, ya zura yatsu biyu tsakanin haƙoranta. "Wannan kuwa tana juyawa tana watsar da lakar, tana sake cizo." Ya danna gefenta da babban yatsa, bai lotsa ba. Ya danna gefen mikis ɗin, ya ɗan lotsa. Ya ce kututture daga gefe yake yaga taya, ba daga ƙasa ba, kuma tayar da ta yage a gefe ba mai facin da zai iya mata komai.

Mai taya ya ce akwai na hannu masu sauran rai, in ana son sauƙi. Alhaji ya ce a kawo ya gani. Ya sa aka juya masa ɗaya zuwa haske, ya lanƙwasa robar, sai ga ƙananan tsage-tsage sun buɗe kamar faso a diddige. Ya girgiza kai. Ya ce taya tana tsufa ko ba a taka ta ba, shi sababbi yake so, guda biyar har da sukur, duka iri ɗaya, tsayi ɗaya, don motar da ke ja da ƙafa huɗu ba ta son wata ƙafa ta fi wata. Mutumin nan duk zamanmu ban taɓa ganin ya sayi sababbin tayoyi biyar a tashi ɗaya ba. Kullum biyu ne, a mai da na gaba baya.

Sai ya zo kan jant. Ya ce a cire na alminiyon nan duka, a ba shi na baƙin ƙarfe.

"Haba Alhaji," in ji mai taya. "Jant ɗin da ka yi ta yi mana yanga da su?"

"Na yi yangar ta ishe ni. Alminiyo idan ya daki dutse tsagewa yake, shi ke nan ka kwana a daji. Ƙarfe lanƙwasawa yake, ko maƙerin ƙauye ya sa guduma ya miƙe shi, ka iso gida." Ya ce kuma a rage girman jant ɗin, don robar ta fi tsayi, ta sami abin shanye duka. Aka kawo, ya ƙirga ramukan ƙusa da yatsa, ya sa aka gwada ɗaya a jikin motar don a tabbata bai taɓa birki ba.

Na tsaya gefe ina kallonsa. Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun kafin ciwon. Sai na ji ba zan ƙara cewa komai ba. In wannan ne zai sa shi farin ciki na yini ɗaya, a saya.

Tayar lakar kuma kashi biyu ce a wurin, mai faɗi da siririya mai tsayi. Mai taya ya ce samari mai faɗin suke so, ta fi cika ido. Alhaji ya ce a ɗora kowace a kan jant na ƙarfe, a ba ta iska. Aka yi. Ya sa aka ɗaga motar, aka cire ƙafar baya. Sannan ya juyo gare ni.

"'Yar Zongo, zo ki sa wannan."

Na ɗauka wasa yake. Ma'aikatan wurin suna tsaye, ga masu zemijan, wato 'yan acaɓa, sun faka baburansu a inuwa suna kallo. Na ce, "Alhaji, a gaban mutane? Ga masu aikin nan."

"Su ba za su bi ki Kolokondé ba. Ɗaura gyalenki ki zo."

Na ɗaura gyale a ƙugu. Na fara da mai faɗin. Na gangaro da ita har gindin motar, na rungume ta, ta ƙi tashi. Wani ma'aikaci ya matso zai taimaka, Alhaji ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Ya ce a kawo siririyar. Ita ma da nauyinta, amma hannuna ya zagaye ta. Ya ce kada in ɗaga da baya. Ya ce in zauna a ƙasa, in zura dogon ƙarfen kwance ƙusa a ƙarƙashinta, in danna da hannu ɗaya, in tallafe da ƙafafu. Na zauna a ƙasa cikin baƙin mai da ƙura, ni da na aurar da 'ya. Na danna, ta tashi kaɗan, ramukan ba su dace ba. Ya ce in juya ta kaɗan zuwa dama. Na sake dannawa. Ta shige.

"Ta shiga," in ji mai taya a hankali.

Na ɗago ina haki, na dubi Alhaji. Ba murmushi yake ba. Ya ce wa mai taya, "Ita za a ba mu. Wadda take iya ɗagawa." Sannan ya ce mini, ba tare da ya rage murya ba, kamar yana faɗin farashin masara, "Na ga yadda kika yi jiya a Bétérou. Can gudron ne, mutane na wucewa. A bayan Kolokondé kina iya yini ba ki ga kowa ba. Ba na so ki tsaya a daji ke kaɗai."

A nan zaune a ƙasa na gane. Ya ji abin da likita ta faɗa, ya ji shi sarai, ya ma riga ni yarda da shi. Na sunkuyar da kai a kan gwiwa, hannuwana baƙi ƙirin, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da muka fito daga ofishin likitar. Mai taya ya kori masu kallo, ya tura ma'aikatansa bayan rumfa, shi ma ya bi su. Alhaji bai ce in yi shiru ba. Da na lafa ya ce, "Saura ɗaure ƙusoshin. Ba a bin su a jere, tsallakawa ake yi. Taso in nuna miki."

Yayana bai yi ƙarya ba. Da muka kama hanyar Djougou, tayoyin suka fara gurnani tun daga bakin gari, wani irin kuka mai shiga ƙashi, sitiyari yana rawa a hannuna. Na rage gudu har manyan motocin auduga suna wuce mu. Duk da haka ina ganin yadda ya damƙe matashin, jijiyar wuyansa ta miƙe. Na tsani tayoyin nan a ranar, kuma na daɗe ina tsanarsu. Mun yi tafiya biyu ko uku a haka. A ta ƙarshe ya yi amai a hanya, na ce masa wallahi ba zan ƙara kai shi asibiti a motar nan ba. Bai yi gardama ba. Daga nan yayana ya riƙa aiko da ƙaramar motarsa tana ɗaukarmu, bashe kuma tana tsaye a ƙofar gida da sababbin ƙafafunta.

Da ruwa ya zauna sosai, wata safiya bayan an kwana ana zuba shi, ya ce in shirya za mu ƙauye. Na ce ba zai iya ba. Ya ce an zuƙe masa ruwa shekaranjiya, yau ne yake da ɗan ƙarfi, gobe ba shi da tabbas. Na jera masa matasai, na cika buta da ruwa, muka fita.

Bayan Kolokondé muka bar babbar hanya. A jar ƙasar nan mai santsi na fara jin bambanci, motar ta kama ƙasa ba ta wutsil-wutsil da gindi kamar da. Gurnanin ma ya ɓace. Da muka iso fadamar, ruwa ya kwanta a kanta ja wur, sawun wata motar da ta maƙale aka ciro yana nan kamar kabari. Ya ce in tsaya. Ya ce in cire takalmi, in sami sanda, in taka lakar da ƙafata tukuna in ji inda ƙasa ke da tauri. Na shiga har gwiwa ina dogara sanda, yana leƙowa ta taga yana ce mini dama, hagu. Na dawo, ya sa na murɗa makullan da ke tsakiyar ƙafafun gaba, na rage wa kowace taya iska kaɗan, na ja ƙaramin giyan nan da ban taɓa taɓawa ba.

"Giya na biyu," ya ce. "Kada ki taka birki, kada ki canza giya, kada ki tsaya ko me kika ji. Ki kalli inda za ki fita, ba inda kike ba."

Na yi bisimilla na shiga. Motar ta nutse, ta karkata, laka tana tashi sama tana faɗowa a kan gilashi. A tsakiya na ji ta yi nauyi kamar za ta tsaya, ƙafata ta so ɗagawa. Ya ce, "Riƙe ta haka. Riƙe." Na riƙe. Ta yi ta cizo tana ja har muka hau tudu. Na juyo in gaya masa mun fita, na ga idanunsa a rufe, gumi ya jiƙa masa riga, leɓensa ya yi fari. Ya ɗaga yatsa ɗaya alamar in ba shi lokaci. Muka jira a wurin, kwaɗi suna kuka, har numfashinsa ya daidaita.

A ƙauyen akwai wani tsohon manomi, Bayome a ƙabila, wanda Alhaji ya daɗe yana sayen doyarsa tun kafin a haifi ɗanmu. Da harshen Dendi suke magana. Tsohon ya fito daga bukka, ya ga yadda nake sauko da amininsa, bai tambayi komai ba. Ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya kawo turmi ya kifa don Alhaji ya jingina. Suka yi hirar ruwa, da yadda doya ta yi bana, da wani ɗan tsohon da ya tafi Najeriya aikin gona bai aiko ba. Can Alhaji ya ce masa, "Daga yanzu ita za ta riƙa zuwa. Yadda kake yi mini, ka yi mata." Tsohon ya dube ni, ya dubi ƙafafuna da laka ta bushe a kansu, ya ce ya ji. Da za mu tafi ya kawo ƙwan zabi a ƙwarya, ya sa a hannun Alhaji, ya riƙe hannun bai saki da wuri ba. Ya bi motar da ƙafa har ƙarshen gonarsa.

Wannan ce fitarsa ta ƙarshe zuwa daji. Da sabuwar doya ta fara shigowa kasuwa ya ce ya gaji da hanyar Parakou, a bar shi a ɗakinsa. 'Yarmu ta zo, ɗanmu ya zo daga makaranta. Ya cika da hantsi, ana yayyafi, kansa a kan cinyata.

A makon an yi ruwa kamar ba za a daina ba, hanyar maƙabarta ta yanke. Motar da aka saba ɗaukar gawa da ita a unguwa ba za ta iya shiga ba, kuma da nisa a ɗauka a kafaɗa cikin wannan taɓo. Ina zaune cikin mata, ƙanen Alhaji ya aiko a karɓi makullin bashe. Na ciro shi daga bakin zanena na bayar. Daga cikin ɗaki na ji an tayar da ita, na ji an ɗora makara a baya, na ji ta tafi a hankali da muryoyin maza a bayanta. Da suka dawo ƙanensa ya kawo mini makullin da kansa, ya ce ko sau ɗaya ba ta tsaya ba. Na karɓa.

Kafin in fita takaba damina ta wuce. Da aka zo rabon gado, dangin suka bar motar a kasona da na 'ya'yana, ba wanda ya ja. Yayana ya so in dawo Zongo in zauna kusa da shi, ya ce ga ɗaki, ga jari in ina son sayar da wani abu a ƙofar gida. Na ce masa zan yi tunani. Da rani na riƙa zuwa kasuwar Partago ina sayen kashu, hanya busasshiya, ba abin tsoro. Sau ɗaya ƙaya ta huda mini taya, na zauna a ƙasa na canza, ba wanda ya gan ni.

Da ruwa ya sake zama, lokacin ƙwarar kaɗanya ya yi, na shiga bayan Kolokondé ni kaɗai. Tsohon manomin ya tara mini matan ƙauye da kwandunansu. Muna cikin awo sai ga wata Bafulatana mai tallan nono, wadda rugarsu ta tashi zuwa kudu tun bara, sai yanzu suka dawo. Ta saba da Alhaji, kullum sai ya tsokane ta wai ta zuba wa nononta ruwa, ita kuma ta ce masa ɗan birni bai san nono ba. Ta gane motar tun daga nesa, ta taho da sauri tana dariya, ta leƙa gaba, ta leƙa baya. Ta ce da Hausarta mai karyewa, "Ina mai tsiyar nan? Yau na kawo masa wanda ba ruwa."

Na ce mata, "Ya rasu. Tun daminar bara."

Ta tsaya da ƙwaryar a kanta. Sannan ta sauke ta a hankali, ta zauna a ƙasa inda take, ta ja mayafinta ta rufe baki. Na bar awon na je na zauna kusa da ita. Ta tambaye ni ko ya sha wuya, na ce ya sha. Ta tambaya ko ina da 'ya'ya, na ce biyu. Ta yi masa addu'a da Fulatanci, doguwa, ban ji ko rabinta ba, na dai yi ta cewa amin.

Hadari ya fara haɗuwa daga gabas, tsohon ya ce in hanzarta. Aka gama awo, aka loda buhunan, aka ja tampol. Bafulatanar ta ce ko zan rage mata hanya zuwa kasuwar Kolokondé. Na ce ta shigo. Ta nufi baya za ta hau kan kaya, na ce a'a, ta zo gaba. Ta shigo ta zauna a ɗarare, ta rungume ƙwaryar nononta a cinya don kada ya zube, muka kama hanya.